Rawanin Rana da Kasafin Kuɗinmu

Ranar 29 ga Maris 2006 da rana ta yi kusufi, mu a Gangare da ke Jos ba a rufe mana ita ɗungurungum ba. Waɗanda ke wasu sassan arewa maso yamma su suka ga duhu da rana tsaka, da wani farin haske ya kewaye ta kamar rawani. Wannan rawani shi ne saman sararin rana. Zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya, alhali fuskar ranar kanta ba ta kai 6,000 ba.

Ba sai an jira kusufi ake nazarinsa ba. Rawanin yana fitar da wani kaifaffen hasken ultrabayolet wanda iskar duniya ke shanyewa kafin ya iso ƙasa, don haka dole a ɗora na'urar kallonsa kan tauraron ɗan'adam. Haka Turai da Amurka suka yi da SOHO a 1995, Amurka ta ƙara da SDO a 2010, Indiya kuma ta harba Aditya-L1 a 2023.

Mai tsara kasafi zai ce: ana fama da albashi, ina ruwanmu da rana? Ruwanmu ne. Daga rawanin nan guguwar rana ke tasowa. A Maris 1989 ta jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu na awa tara. A Fabrairu 2022 ta yi sanadin asarar taurarin Starlink kusan 40. Mu kuma muna zaune dab da layin da ya raba duniya biyu ta fuskar maganaɗisu, inda saƙon GPS kan rikice bayan faɗuwar rana. Jiragen sama, masu safiyo, da tauraronmu NigComSat-1R duk abin ya shafe su.

Ba cewa nake Najeriya ta harba nata tauraron kallon rana ba. Kowa ya yi rawa daidai ƙarfin ƙafarsa. Hotunan SDO kyauta suke a intanet. Abin da ake buƙata shi ne mutanen da za su riƙa karanta su kullum, da tabbatacciyar hanyar isar da gargaɗi ga TCN da NAMA tun guguwa ba ta iso ba, domin takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku a hanya. Hukumar NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar nazarin sararin iska a Anyigba, da ta nazarin ƙasa daga sama a nan Jos. Tushe yana nan.

Saboda haka, ya kai mai rubuta wa minista takarda, idan ka ci karo da layin horar da masana ko gyaran na'urorin awo, kada alƙalaminka ya fara yanka daga nan. Kuɗin kaɗan ne, rigakafi kuwa ya fi magani. Matashin Gangare da ya karanci kimiyya zai iya wannan aiki, muddin an tanadar masa kujera.