Matuƙin da Ƙasarsa Ta Ce Ba Ta San Shi Ba

Ranar Juma'a 12 ga watan Satumba 2014, da hantsi, wani jirgin saman yaƙi samfurin Alpha Jet mai lamba NAF 466 ya tashi daga Yola domin ya yi ruwan bama-bamai a kan mayaƙan Boko Haram. Hafsoshi biyu ne a cikinsa, watau Wing Kwamanda Chimda Hedima da Gurup Kyaftin Abdulrasheed Braimoh. An sa ran dawowarsu da tsakar rana, ba su dawo ba. A lokacin Gwoza ta riga ta faɗi, Bama da Michika ma sun bi ta, sojan ƙasa suna ta ja da baya.

Hedkwatar Tsaro ta ba da sanarwa cewa jirgi ya ɓace, ana cigiya. Sai a farkon Oktoba ga Abubakar Shekau, wanda soja suka riga suka ce ya mutu, ya ɓulla a hoton bidiyo da tarkacen jirgi, ga kuma wani bawan Allah a durƙushe yana faɗin muƙaminsa kafin a fille masa kai. Hafsoshin da suka san shi suka tabbatar wa manema labarai cewa Hedima ne. Amma kakakin rundunar mayaƙan sama ya fito ya ce mutumin nan ba hafsansu ba ne.

Wannan magana ce ta sa muka ɗauki alƙalami, ya 'yan'uwa ɗalibai. Mutum ya ba ƙasa ƙuruciyarsa, ya bar iyalinsa ya shiga cikin wuta da umurnin manyansa, sa'an nan ranar da duniya duka take kallon yadda ya cika, waɗanda suka aike shi su ce ba su san shi ba! Masu kare gwamnati za su ce ai yaƙi ɗan zamba ne, ba a tabbatar wa maƙiyi nasararsa, kuma dole a kiyaye ƙarfin gwiwar soja. To, wa aka ɓoye wa? Shekau dai ya san wanda ya kama. Abokan aikin marigayin sun gane fuskarsa, kuma ba mu ga ƙarfin gwiwar da matuƙi zai samu ba idan ya fahimci cewa shi ma gobe haka za a musanta shi. Talakan Nijeriya kaɗai aka rufe wa ido, alhali da harajinsa aka sayi jirgin.

Jirgin ma kansa abin dubawa ne. Faransa da Jamus suka ƙera Alpha Jet, galibi domin koyar da matuƙa, Nijeriya kuwa ta sayi 24 tun farkon shekarun 1980. Ashe ke nan da tsohon jirgi aka tura su. A watan Disamba na shekarar nan kotun soja ta yanke wa kurata 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita fagen daga, su kuwa kukansu shi ne babu makamai. Shekara na zagayowa aka kama Sambo Dasuki, ɗan garin nan namu, bisa tuhumar karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, a 2016 kuma aka gurfanar da Alex Badeh, wanda shi ne Babban Hafsan Tsaro ranar da jirgin ya ɓace. Tuhuma ba hukunci ba ce, mun sani, shi Badeh ma an kashe shi a 2018 shari'a ba ta ƙare ba. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Da ba haka ake yi ba. Sa'ad da Kanar Shittu Alao, shugaban mayaƙan sama, ya faɗi da jirginsa L-29 a Uzebba ranar 15 ga Oktoba 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta faɗa wa jama'a, aka binne shi da cikakkiyar girmamawar soja.

Kada wani ya ce mana Yola da nisa. A 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo wani Alpha Jet a Zamfara, maƙwabciyarmu, Allah ya kuɓutar da matuƙinsa Abayomi Dairo. Ranar 25 ga Disamba 2024 kuma bam ya hallaka mutanen ƙauye aƙalla 10 a Ƙaramar Hukumar Silame, kuma amsar farko da aka bayar ita ce Lakurawa aka nufa. Bakin da ya musanta matuƙi ba zai yi nauyin musanta manomi ba. Sannan da yawa daga cikin abokan karatunmu na sakandare suna makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wasunsu su ne matuƙan gobe.

Saboda haka muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da su rubuta wa sanatocinmu uku na Jihar Sakkwato kafin bikin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu, su nemi a gabatar da rahoton binciken NAF 466 a zauren Majalisa, a bayyana abin da ya kayar da jirgin, da makomar Braimoh, da abin da aka biya iyalansu, da kuma wanda ya ba da umurnin a musanta Hedima.