Dabo sana'a ce, ba aikin aljanu ba

A kasuwanninmu, tun daga Dakoro har Maraɗi, da zarar ɗan dabo ya sa dala ashirin a tafin hannu ta ɓace, ta ɓullo bayan kunnen wani yaro, sai ku ji ana cewa ai yana da aljanu. To, gaskiyar magana, abin da yake da shi gwaji ne da haƙuri.

Kafin ya fito fage, sai ya yi watanni yana koya wa yatsunsa riƙe ƙwandala cikin tafi ba tare da hannun ya ƙage ba, yana maimaitawa gaban madubi har ya daina ganin kuskure. Bayan hannu sai baki: kirari, da barkwanci, da kiɗan ganga, duk an shirya su domin idon mai kallo ya tafi hagu lokacin da dama ke aiki. Sannan sai fage. A kasuwa jama'a kewaye shi suke yi ta kowane gefe, dole ya san inda zai tsaya da abin da hannun rigarsa zai rufe. Gwani ba ya maimaita wasa ɗaya sau biyu gaban mutane ɗaya, domin a karo na biyu hannu ake kallo, ba baki ba.

Tarihi ma ya shaida haka. A shekarar 1856 gwamnatin Faransa ta aika Robert-Houdin, ɗan mai gyaran agogo, zuwa Aljeriya domin ya rage kwarjinin malaman da ke tayar wa mulkin mallaka hankali. A birnin Aljas ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga wani ɗan akwati, ya ɗaga ba wuya. Da ya sake gwadawa, akwati ya ƙi motsi. Asirin kuwa, gindin akwatin ƙarfe ne, an kuma ɓoye maganaɗisun lantarki ƙarƙashin dandali. Shiri ne kawai, amma aka yi amfani da shi don tsorata al'umma.

Nan ne maganar ta shafe mu. Ɗan dabon ƙwarai nishaɗi yake sayarwa, ya cancanci a jefa masa abin goro saboda wahalar da ya sha. Amma wannan saurin hannu shi ne jarin mai ninka kuɗi, wanda zai mayar da jika ɗaya biyu a gabanka, gobe ya ce ka kawo jarin shago ko albashin wata. Shi ma ya yi gwaji, har da kalmomin da zai faɗa maka da abokin da zai yi masa shaidar zur.

Saboda haka, ya ɗan kasuwa, ya ma'aikaci, ka yi kallo ka yi dariya, amma ka tuna: wanda ya iya haifar da kuɗi ba ya roƙon naka. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.