Ra'ayinmu: Wasa ba na yara kaɗai ba ne

Duk wanda ya taɓa zama a Kasuwar Shanu ta Maiduguri ya san yadda ciniki kan fara tsakanin Bafulatani da Babarbare. Kafin a ambaci farashi, ɗaya zai kira ɗan'uwansa bawansa, ɗayan ya rantse cewa kakansa ne ya sayi kakan wancan. Kowa ya san zancen ƙage ne, amma dattawa masu furfura kan shiga cikinsa, a yi dariya, sannan a daidaita a kan kuɗi. Wannan wasan barkwanci ya daɗe yana kashe wutar rikici tun kafin ta kama. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya irinsa na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya.

Magabatanmu ba su keɓe wa yara wasa ba. A wasan gauta, matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, su nuna musu kurakuran da babu mai iya furtawa a gaban majalisa. A kalankuwa, bayan girbi, samari kan naɗa gwamnansu da alƙalinsu da likitansu, su gudanar da mulki na 'yan kwanaki. A Kano kuma, cikin watan azumi, Nalako kan bi gwagware da tashe. Mutumin da ya ari rigar wani na ɗan lokaci yakan ga duniya ta idon mai rigar, ya faɗi abin da ke cinsa ba tare da an yi faɗa ba, ya kuma gwada wata rayuwa kafin ya yanke shawarar binta.

Maiduguri ta fi yawancin garuruwa buƙatar wannan. Tun 2009 take fama da rikicin Boko Haram. Kasuwar Monday ta ƙone a Fabrairun 2023. A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da dama. An gina gidaje, an raba hatsi, kuma hakan ya kamata. Sai dai magidancin da ya rasa gonarsa da matsayinsa, ko uwar da ta binne 'ya'yanta, ba kasafai za su zauna gaban likita su buɗe cikinsu ba. A dandalin wasan kwaikwayo kuwa, idan aka ba su rawar wani, sukan faɗi nasu ciwon da bakin wancan.

Wasu za su ce mai jin yunwa ba ya wasa. Gaskiya ne abinci ke gaba. Amma kuɗin da dandali ɗaya zai ci a unguwa bai kai na taron bita guda a otal ba, kuma masu iya aikin suna nan a Jami'ar Maiduguri da cikin 'yan wasan gari. Sharaɗi guda ne: kada a tilasta wa kowa, kada kuma a mayar da baƙin cikin mutum abin kallon manyan baƙi.

Don haka muna kira ga ma'aikatan tarayya da ke tsara shirye-shiryen farfaɗo da Arewa maso Gabas, musamman a Hukumar NEDC da ma'aikatun lafiya da al'adu, da su ware wa wannan fanni layi a kasafin kuɗi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta ba su madogara.

Su ma masu tsara takardun su duba kansu. Ma'aikacin da ya bar gida da asuba daga Nyanya ko Kubwa, ya dawo bayan isha'i da fayil a hammata, yaushe rabonsa da ya yi wa 'ya'yansa tatsuniya, ko ya tsokani abokin wasansa? Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.