Kufena: Dutsen da baƙinsa ba sa kwana

A watan Janairun 2015 ne Amurkawa biyu, Tommy Caldwell da Kevin Jorgeson, suka kammala hawan dutsen El Capitan mai tsayin kimanin mita 900, bayan kwana 19 suna barci a tantunan da suka rataya a jikinsa. Irin wannan hawa na kwanaki shi ke ciyar da masu masauki, 'yan jagora da masu sayar da guzuri.

A Zariya kuwa, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello kan taso daga Samaru su hau Dutsen Kufena da hantsi, su sauko kafin magariba. Kufena bai kama ƙafar El Capitan a tsayi ba, amma yana da tsohuwar ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina. Sai dai baƙon da bai kwana ba, ba ya barin kuɗi, shi ya sa ɗan kasuwar Sabon Gari ba ya gani a ƙasa.

Kwanan baƙo kuwa sai da tsaro. Duwatsun Hombori na Mali sun daɗe suna jawo masu hawan dutse daga Turai, har rikicin 2012 ya kore su. Sace ɗalibai a Kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021 ya nuna Zariya ma ba ta tsira ba.

Kafin Gwamnatin Kaduna ta tallata Kufena, wajibi ne ta fara samar da tsaro, horarrun 'yan jagora da tawagar ceto a gindinsa.