Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Akwai wata gardama da kan tashi a gidajenmu a daren da za a wayi gari a fita yawon Sallah, musamman a gidan da Allah Ya hore wa wani kyamara mai tsada. Idan an gama shawarar inda za a kai iyali, ko filin shaƙatawa na Murtala da ke nan cikin Minna, ko Gurara, ko kuwa Magicland ta Abuja ga masu hali, sai a koma kan tambaya guda: a tafi da kyamarar ko a bar ta a gida? Galibi masu cewa a bari su ne ke rinjaye, domin bakinsu cike yake da labarun sata da fashewa da asara, kuma a wurinmu duk wanda ya yi maganar tsoro shi ake kira mai hangen nesa. Ni ma na taɓa goyon bayansu, na kuma ga inda abin ya ƙare. Saboda haka nake son in yi amfani da wannan fili in ƙalubalanci wannan ra'ayi, ko da kuwa hakan zai ɓata wa wasu dattawan gidanmu rai.

A Kpakungu nake zaune, can bayan shataletalen da ake ɗaukar hanyar Bida. Babbar Sallar 2023 ta faɗo ne cikin damina, lokacin da ruwan Gurara ke cika yana tumbatsa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi alkawarin kai gidan gaba ɗaya, har da Kakarmu wadda ta haura shekara tamanin ba ta taɓa ganin wurin ba. Kawu yana da wata kyamara ƙirar Canon da ya saya da kuɗin da za su iya sayen babur, yana kuma ji da ita kamar ƙwai. Da dare ya ɗauko ta yana gogewa, sai Goggo ta dube shi ta ce, "Yaya, wannan abin za ka rataya a wuya ka ratsa tasha da shi? In ɓera da sata ai daddawa ma da wari." Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Kai ɗalibi, me ka gani?" Na ce, "Kawu, ai kowa yana da waya, a bar ta kawai." Aka mayar da ita akwati aka kulle.

Mun bi ta Chanchaga da Paiko muka nufi hanyar Suleja. Da muka isa, Kaka ta tsaya a kan dutse riƙe da hannun tattaɓa kunnenta, tana kallon ruwan da ke zubowa daga tsayin kusan mita 30, tana salati tana dariya. Na ɗauke su da wayata daga nesa, ga rana a bayansu, hoton ya fito duhu, fuskarta ba ta fi ƙwayar gero ba. Na ce ba komai, baɗi ma rana ce. Kafin Sallar da ta biyo baya Allah Ya yi wa Kaka rasuwa, wayar kuma an fizge ta a hannuna wani dare ina sauka daga a-daidaita-sahu. Yau idan yaran gidan suka tambayi kamannin Kaka, sai dai a nuna musu ɗan hoton katin zaɓenta. Kyamarar Kawu kuwa tana nan lafiya lau a akwati, babu ko ƙwarzane. Mun tsare kayan aiki mun yi asarar aikin, kuma har yau ban daina jin nauyin maganar da na yi a daren nan ba.

To, bari mu ɗauki hujjojin masu cewa a bari ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce tsoron ɓarayi. Babu mai musun cewa akwai ɓarayi a tasha da kasuwa da duk inda jama'a suka taru, kuma mu mazauna Kpakungu ba sai an ba mu labari ba. Amma ya kai mai karatu, wace ce ɓarawo ya fi so, kyamara ko waya? Waya tana shiga aljihu, kuma kafin gari ya waye an sami mai saye. Kyamara kuwa nauyi gare ta, masu sayenta kaɗan ne, kuma kowace tana ɗauke da lambarta ta musamman a jikinta. Duk da haka ban taɓa jin wanda ya bar wayarsa a gida ranar Sallah don tsoron ɓarawo ba. Mata suna fita da sarƙar zinari, samari suna fita da takalman da suka ci albashin wata, maigida yana fita da motar da ya yi shekaru yana tara kuɗinta. Me ya sa sai kyamara ce kaɗai tsoro ke hanawa fita? Amsar ita ce a zuciyarmu ba mu ɗauki hoto a bakin komai ba. Sarƙa da takalmi jama'a za su gani su yaba nan take, shi kuwa hoto amfaninsa sai bayan shekara ashirin, mu kuma ba mu da haƙurin jiran wannan yabo.

Hujja ta biyu ita ce lalacewa: za ta faɗi, ruwa zai shige ta, ƙura za ta ɓata ta. Masu wannan magana sun ɗauka akwati wurin tsira ne. Duk wanda ya san harkar hoto zai gaya maka cewa babban abokin gabar gilashin kyamara a ƙasa irin tamu shi ne danshi da duhu. Idan aka rufe ta a akwati damina ta wuce a kanta, wani irin fumfuna kan tsiro a cikin gilashin kamar saƙar gizo, idan kuma ya daɗe yakan ci fuskar gilashin har gyara ya gagara. Batirin da aka bari watanni ba caji shi ma mutuwa yake yi. Ban da wannan, kowace shekara kamfanonin Canon da Nikon da Sony suna fito da sababbi, darajar tsohuwa tana raguwa ko an taɓa ta ko ba a taɓa ta ba. Kyamara ba gona ba ce balle a ce tana ƙara kuɗi da ajiya. Dokin da aka ɗaure a turke shekara guda don tsoron kada ya yi tuntuɓe, ranar da aka kwance shi ba zai kai mahayinsa ko ƙofar gari ba.

Hujja ta uku, wadda ni kaina na kafa a gaban Kawu, ita ce waya ta wadatar. Gaskiya ne wayoyin yau suna ɗaukar hoto mai kyau idan akwai haske kuma mutum yana kusa. Sai dai wurin shaƙatawa wuri ne na motsi da nisa. Farantin da ke karɓar haske a cikin babbar kyamara yakan kai milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, na yawancin wayoyi kuwa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Wannan bambanci shi ne ke sa idan magariba ta kawo kai, hoton waya ya dagule, na kyamara ya tsaya tas. Yaron da ke can saman lilo yana ihu don murna, gilashin kyamara zai jawo fuskarsa kusa ya kuma tsayar da motsinsa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ita kuwa ƙaramar waya sai ta ba ka inuwa mai jirwaye. Wani abin kuma, hotunan waya ba su da tsawon rai a hannunmu. Ana tura su ta WhatsApp ya matse su ya rage musu kyau, ana goge su idan waya ta cika, suna tafiya tare da wayar idan ta ɓace ko ta mutu. Iyayenmu da ke zuwa wurin mai hoto sau ɗaya a shekara suna da albam, mu da muke ɗaukar hoto ɗari a yini ba mu da abin nuna wa jikoki.

Akwai hujja ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Masu ita sukan ce wanda ya rataya kyamara ya zama ma'aikaci, yana leƙen duniya ta ɗan rami, bai ci shinkafa da iyalinsa ba, bai ji daɗin fitar ba, kuma shi kansa ba ya fitowa a hoto ko ɗaya. Wasu kuma sukan ƙara da cewa nuna isa ne kawai. Na yarda akwai masu irin wannan hali, na kuma gan su suna tsawata wa yara su tsaya cak kamar sojoji har murnar ta gudu daga fuskokinsu. Amma wannan laifin mai riƙon ne. Maganinsa mutum ya ware lokaci, ya ɗauki abin da zai ɗauka, ya mayar da ita jaka ya zauna a tabarma, ya kuma koya wa matarsa ko babbar 'yarsa yadda ake dannawa domin shi ma ya shiga. Ba a daina dafa tuwo a gida don wata ta taɓa ƙona shi.

Abin da ya fi damuna ya wuce gidan Kawu. Mu al'umma ce da wasu suka riƙe wa madubi. Duk ɗalibin da ya nemi hotunan Zungeru na zamanin da take hedikwatar Arewa daga 1902, zai tarar galibinsu Turawan mulki ne suka ɗauka, abin da suka ga dama suka ɗauka, suka kuma rubuta abin da suka so a ƙarƙashi. A nan Jihar Neja, da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tsohon garin Bussa, inda Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, ya nutse ƙarƙashin tafki, aka kwashe dubban mutane zuwa sabon mazauni. Jikan mutumin Bussa ba zai iya zuwa ya tsaya a ƙofar gidan kakansa ba har abada, sai dai in akwai hoto. A watan Mayu na 2025 ambaliya ta share unguwanni a Mokwa cikin safiya guda, mutane fiye da 150 suka rasu. Wuri yana gushewa, mutum yana gushewa, kuma babu wanda ake sanar da shi ranar.

Dubi kuma abin da 'yan'uwanmu na Afirka ta Yamma suka yi da suka ƙi ɓoye kyamarorinsu. Malick Sidibé na Bamako ya riƙa bin samari da 'yan mata zuwa wuraren biki da bakin kogin Kwara inda suke shaƙatawa ranar Lahadi, cikin yashi da feshin ruwa. Hotunan nan na yawon shan iska su ne yau duniya ke kallo ta san yadda matasan Mali suka rayu bayan samun 'yancin kai a 1960, har aka ba shi babbar kyautar baje kolin fasaha na Venis a 2007. A nan gida, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya tun 1968, ya tara kusan dubu, wasu daga cikin kitson yanzu sai a hotunansa ake ganinsu. Da waɗannan bayin Allah sun saurari irin shawarar da na ba Kawu, da kyamarorinsu sun tsufa da ƙyalli, mu kuma mun tashi hannu wofi.

Ba ina cewa a fita da ganganci ba ne, domin rigakafi ya fi magani. A sa ta cikin tsohuwar jaka wadda ba ta da tambarin kamfani, kada a fito da ita a tasha ko cikin a-daidaita-sahu sai an shiga wurin. A rataya igiyarta ta ratsa ƙirji, a tafi da gilashi guda kada a tsaya sauyawa cikin ƙurar hunturu. A Gurara a tanadi leda da tsumma mai laushi saboda feshin ruwa, kada kuma a taka dutse mai santsi ido na cikin kyamara, domin rai ya fi hoto. Idan za a hau lilo mai gudu a miƙa ta ga wanda ke ƙasa. Ko a Amurka, filayen wasa na Disney sun hana shiga da sandar ɗaukar hoto tun 2015 saboda haɗarinta a kan irin waɗannan lilo. A rubuta lambarta a ajiye a gida. A nemi izini kafin a ɗauki iyalin wani, musamman mata, wannan kuwa tarbiyyarmu ce tun kafin zuwan kyamara. Idan an dawo a juye hotunan a wuri biyu, a zaɓi goma a kai a wanke, a rubuta suna da shekara a bayan kowane. Ba a fafe gora ranar tafiya, duk wannan shiri tun dare ake yinsa.

Wanda bai mallaki kyamara ba, kada ya ci bashi don ya saya. Ya yi da wayarsa, ya matsa kusa, ya sa rana a bayansa, ya kuma wanke hotunan. Maganata da wanda ya riga ya saya ce. Ya kai ɗan'uwa, don wace rana ka saye ta? Idan ranar da mahaifiyarka da 'ya'yanka suka taru wuri guda cikin sababbin kaya ba ta isa a buɗe akwati ba, to babu ranar da za ta isa, gara ka sayar da ita ka sayi buhun masara. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kyamarar da aka sace ana iya tara kuɗi a mayar da gurbinta, ko da bayan shekara biyar ne. Dariyar Kaka a kan dutsen Gurara kuwa babu kasuwar da za mu same ta. Sallar bana ni zan riƙe wa Kawu jakar, kuma Goggo ce farkon wadda zan ɗauka.