Manhajar kyauta ce, amma wa zai saya wa malam data?

Duk lokacin da sakamakon JAMB ya fito, sai mu cika dandalin nan da kuka. Wani ya ce yaran yanzu ba sa karatu, wani ya ce malamai ne suka lalace. Kwanan nan kuma wata sabuwar magana ta shigo bakin 'yan bokonmu, musamman waɗanda ke zaune a Yola da Abuja: wai komai yana intanet kyauta, malamin da bai yi amfani da shi ba malalaci ne kawai. Wannan magana muke so mu tsaya a kanta, domin rabinta gaskiya ne, rabin kuma zalunci.

Gaskiyar ita ce kayan suna nan. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, rumbun darussan firamare da sakandare bisa manhajar karatun ƙasar nan, har da darussa cikin Hausa, kuma ba a biyan ko sisi wajen rajista. Akwai Khan Academy mai bidiyon lissafi da kimiyya. Akwai PhET na Jami'ar Colorado a Amurka, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a kimiyyar fiziks, ya kafa a 2002: yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan lantarki a kan allon kwamfuta, ya ga wuta ta kama, ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru. A makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta ya koma wurin ajiye karyayyun benci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga 'yan aji ɗaya da biyu kuma akwai African Storybook, da ƙananan littattafan labari masu hoto a harsunan Afirka, ciki har da Hausa da Fulfulde.

To amma wanda ya ce kyauta ne, ya taɓa tambayar kansa da me malamin firamare a Muchalla ko Gella zai buɗe su? Da wayarsa. Da datar da ya saya daga albashin da ba ya kai shi ashirin ga wata. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Bidiyo kuwa shi ne ya fi komai cin data. Bayan haka sai ya biya mai cajin waya, domin kowa ya san yadda wuta take a garin nan. Sannan ya tsaya gaban yara saba'in ko tamanin da waya ɗaya mai fashasshen gilashi, ya nuna wa wa ya bar wa? Mai ba da shawarar yana kwance a ofis mai sanyi da intanet na gwamnati, yana kiran wannan bawan Allah malalaci.

Ba su kaɗai ke da laifi ba, mu ma muna da namu, kuma namu ya fi ciwo. Wasunmu sun ziyarci wata makaranta a cikin gari inda wani mai neman kujera ya kawo kwamfutoci. An yi taro, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto, an watsa a Facebook, mu ma muka yi ta yabo. Da muka koma, ɗakin a kulle, makulli yana wurin shugaban makaranta, shi kuma tsoro yake ji kada wani abu ya lalace a ce ya biya. Kwamfutocin suna lulluɓe da zane, ƙurar hunturu ta yi musu bargo na biyu. Babu sola, babu wanda aka koya wa, babu komai a cikinsu. Yaran makarantar za su je zana JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta, alhali wasunsu ranar ce farkon taɓa madannin kwamfuta a rayuwarsu. Yanzu WAEC ma ta kama hanyar, tun 2024 ta fara jarraba masu zana ta daga waje a kwamfuta. Gwamnatin jiha tana biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin WAEC da NECO, mun gode, amma biyan kuɗin mota bai koya wa mutum tuƙi ba.

Abin haushin shi ne an daɗe da warware matsalar data, mu ne ba mu nema ba. Akwai manhaja mai suna Kolibri, ta wata ƙungiya da ake kira Learning Equality, an gina ta ne musamman don wuraren da ba intanet. Sau ɗaya ake sauke ta da darussan da ake so, a zuba a kwamfutar tafi-da-gidanka guda. Daga nan sai a haɗa ta da ƙaramar na'urar wifi, duk waya ko kwamfutar da ke cikin ajin ta shiga ta ɗauki darasi ba tare da an ƙona data ko ta naira ɗaya ba. Malami yana iya ba da aiki ya ga wanda ya yi da inda ya kakare. Ana iya juya ta zuwa Hausa, har da Fulfulde. Haka Kiwix ke ɗauke Wikipedia ya zuba a filashi. PhET ma ana sauke shi a ajiye. Wato abin da wata makaranta a Lokuwa ta sauke yau, gobe ana iya kwafa wa ta Vimtim a filashin da ke shiga aljihun riga.

Kuma ina ake tunanin za a rasa wanda zai haɗa wannan? A Mubi? Garin da ke da Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duk shekara suna yaye masu ilimin kwamfuta, da yawansu suna zaune a runfunan POS da shagunan gyaran waya? Wuni biyu ya ishi ɗaya daga cikinsu ya zauna da malaman makaranta guda ya nuna musu. Ba sai an kwashi mutane zuwa otal a Yola an raba jaka da biro da kuɗin zama ba.

Mun san akwai iyayen da ke cewa waya fitina ce, kada a kusanto da ita aji. Damuwarsu ba ta banza ba ce, mu ma iyaye ne. Sai dai wannan tsari da ba ya hawa intanet shi ne ma amsar damuwar: babu TikTok a ciki, babu hira da baƙo, abin da malami ya zuba shi kaɗai yaro zai gani. Wayar kuwa tana hannun yaran tuntuni, da yardarmu ko babu.

Mu da muka ga Oktoban 2014, muka bar garin nan da ƙafa, wasu ta duwatsu har Kamaru, saboda mutanen da suka yi rantsuwar rufe makarantu, bai kamata a ce yau mu ne muke rufe ɗakin kwamfuta da kwaɗo ba.

Don haka muna kira ga kwamitocin iyaye da malamai, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwar da Allah ya buɗa wa a kasuwar shanu da ta hatsi: kafin a sake tara kuɗin walimar yaye ɗalibai da anko, a saya wa makaranta faranti ɗaya na sola da batir da na'urar wifi. Datar saukar da darussa ta fito daga asusun makaranta, kada a sake barin ta a wuyan malam. Duk mai son kawo kwamfuta kuma, a tambaye shi wuta da mai koyarwa tun kafin a kafa rumfa. Wanda ya san makarantar da ke da kwamfutoci a kulle a Mubi ta Arewa ko ta Kudu, ya sanar da shugabannin ƙungiya, da su za mu fara, domin can kayan sun riga sun iso, makulli kawai za mu je roƙo.