Kaska Ma Ta Isa Shiga Darasi

Jama'a, babu ɗayanmu da zai bar makarantar nan bai iya zana sauro bisa allo ba, ya kuma bayyana wa yara yadda yake kawo zazzaɓi. Madalla da wannan. Amma akwai wata ƙaramar maƙiyiya da muka bari a baya, watau kaska. Mu a ganinmu ta isa a ba ta darasi nata na kanta a kowace makarantar ƙauye.

Abin mamaki, asirinta ma ya riga na sauro tonuwa. Cikin shekarar 1893 waɗansu masana biyu na Amurka, Smith da Kilborne, suka tabbatar kaska ce ke yaɗa ciwon nan mai sa shanu fitsarin jini. Sai a 1897 Ross ya ga ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro.

Ku dubi halinta. Ba ta tashi, ba ta tsalle. Kan ciyawa take hawa ta yi kwanto, dabba ko mutum na giftawa sai ta maƙale. Macen takan yi kwanaki tana shan jini har ta kumbura, sa'an nan ta faɗo ƙasa ta saka ƙwai dubbai. Da damina ta fi damun garke, kuma inda mai zanen bayan nan ta yi yawa, nan kirci ke ɓata fatar shanu.

Da a kan dabba ta tsaya, da da sauƙi. Akwai wani zazzaɓi mai sa zubar jini wanda aka fara lura da shi a Kirimiya a 1944, aka sami ƙwayarsa a Kwango a 1956, daga baya kuma aka same ta a jikin kaskar shanun Nijeriya. Saniya takan ɗauke shi ba alama, amma cikin mutum goma da suka kamu, ɗaya zuwa huɗu sukan rasu. Yakan shiga ta cizo, ko ta jinin kaska in an murtsuke ta da yatsa.

To, su wa ke cire kaska a gida? Yara ne. Mu da muka yi kiwo muna ƙanana, nawa muka fasa tsakanin farce da farce muna dariya?

Wani ya ce, ai wannan aikin likitan dabbobi ne, kakanninmu kuma da hannu suka cire ta. Amma likitan dabbobi ba kullum yake zuwa ƙauye ba, malami kuwa kowace safiya yana tare da yaron. Kakannin nan kuma, wanda zazzaɓi ya ɗauke cikinsu, wa ya san ko kaska ce sanadi?

Abin koyarwar ba shi da yawa. In an dawo daga kiwo a duba jiki, musamman hammata da matsematsi da bayan kunne. In an same ta, a kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali, kada a murɗe, kada a ɗana mata wuta. A jefa ta cikin kananzir, a wanke wurin da sabulu. In zazzaɓi ya biyo cikin mako biyu, a tafi asibiti, a gaya wa likita an yi cizon kaska.

Wannan bai fi darasin rabin sa'a ba. Saboda haka muna roƙon malamanmu su sa shi cikin tsarin koyar da tsabta, mu kuma mu tafi da shi duk garin da aka aike mu. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.